Kujerar Gaba

Ina cikin ɗaure bakin jakata na ji ƙarar motar ɗana a ƙofar gida.

Ni na zaɓa musu lokacin tafiyar nan. Da ya ce zai kai iyalinsa ganin hamada da bazara, dariya na yi. Na ce, "So kake ka soya mini jikoki? Bari sanyi ya fara shigowa, rana ta yi laushi."

Ban taɓa zama a aji ba, amma na tuƙa babbar mota cikin rairayin nan har ƙishirwa ta gaji ta ƙyale ni. Abokan tafiyata duk sun kwanta dama, ni kaɗai na rage. Wa zai zauna a kujerar gaba in ba ni ba?

Surukata ce ta fara shigowa, rungume da kyanwarsu. "Baba, ga amana sai mun dawo."

Jikata ta leƙo. "Tsoho, ina zuwa da wannan ruɓaɓɓiyar jaka?"

Ɗana ya yi dariya. "Ba dai hamada ba. Baba, kullum cewa kake ko da igiya aka ja ka ba za ka koma ba. Shi ya sa ban yi maka tayi ba."

Na tura jakar ƙarƙashin gado da ƙafa. "Kayan wanki ne. Ni da hamada ai mun gama."

Da ƙarar motar ta ɓace, na dubi kyanwar. Na ce, "Zauna, ke dai ba ki taɓa jin labarina ba."