Amsar da Sirin Ta Goge

Malama Najwa ta buga sanda a kan tebur, alluna suka tashi sama gaba ɗaya. Haka ake lissafi a aji huɗu a garin Kef. A ba da tambaya, kowa ya duƙufa da alli. Bugun farko a ajiye alli, na biyu a ɗaga allo. Mai kuskure ba shi da wurin ɓuya.

A ranar ne Munji ya fara shiga ajin. Aka nuna masa bencin baya, jikin tagar da sanyin duwatsu ke hudowa ta cikinta. Gwiwoyinsa na gogar tebur. Ba allo a hannunsa, ba shuɗiyar rigar da maza ke ɗorawa a kan kayansu, amma ba wanda ya tanka masa. Yara na satar kallonsa, Malama kuwa jim kaɗan sai ta waiwayo inda yake.

Maƙwabciyarsa a bencin wata 'yar firit ce, Sirin, rigarta ruwan hoda ta yi mata yawa. Tun farkon zango take bencin nan, wanda yara ke kira layin malalata. Dokar Malama sananniya ce: duk wanda ya ci tambaya uku a jere, ya kwashi jakarsa ya koma gaba. Wanda ya faɗi ɗaya kuwa, sai wani zangon. Sirin ta ci biyu. Har ta zura hannu ɗaya a igiyar jakarta.

"Ɗari uku da arba'in da bakwai sau ashirin da shida," in ji Malama, muryarta na ɗan rawa.

Sirin ta sunkuya, harshe a waje. Ta yi sau shida, ta sauko layi na biyu ta sa sifiri kafin komai, ta yi sau biyu, ta ja layi ta haɗa. Ta rubuta 9022, manya-manya.

Shi kuwa Munji, ai lissafi abinsa ne, ba ya bukatar alli. A ka ya yi, ya gama tun tana layin farko. Ya samu 8922. Da ya leƙa allonta sai tausayi ya kama shi. Yarinya ta zo bakin ƙofa za ta faɗi! Ya duƙar da kai kamar mai gyara takalmi.

"Takwas, tara, biyu, biyu," ya raɗa mata. "Yi maza."

Ta dube shi, ta dubi allonta. Bugun farko ya sauka. Ta sa hannun riga ta share abin da ta sha wahala a kai, ta rubuta nasa a gurguje. Bugu na biyu.

Tun daga layin gaba Munji ya fara ganin abin da ba ya so. 9022. 9022. Har wani mai majina a hanci, 9022. Ya sake bin lissafin a zuci, sai ga ta nan, ɗaya tak da ake riƙewa a kai gida na gaba, ya yar da ita a hanya. Kuskuren da ake dukan hannu a kansa a aji biyu. Ya ji zufa ta keto masa, duk da sanyin tagar.

"Sirin!" Malama ta tako har baya. "Yau? Duk ranakun duniya sai yau za ki yi mini haka? Ina ɗayar da kika riƙe, kin cinye ta?"

Aji ya kwashe da dariya.

"Malama, a ce ta kawo katifarta bayan nan kawai," wani ya ce daga gaba.

"Rufe mini baki, Zuhair."

Idon Malama ya sauka a hannun rigar da ya yi fari fat da alli. "Kin goge wani abu. Me kika fara rubutawa? Wa ya ce ki canza?"

Munji ya ƙura wa tebur ido. Magana ɗaya ce a bakinsa: ni ne. Ya san yana faɗa yarinyar za ta koma gaba. Ya kuma san kafin la'asar labarin ya zaga Kef, daga gidan burodi har shagon aski, kuma ba zai ƙara shiga wani aji ba a yi masa murmushi ba. Ya buɗe baki, ya yi tari.

Sirin ta kalle shi, kallo ɗaya, ba harara a ciki. Wannan ya fi yi masa ciwo.

"Ba kowa, Malama."

"To, zauna. Mu haɗu wani zangon."

Ta zare hannunta daga igiyar jaka a hankali. Sauran darasin ba ta ƙara ɗaga kai ba sai in an buga sanda, kuma ta karkatar da allonta yadda ba zai gani ba. Munji bai ji ko tambaya ɗaya ba. Kunya ta cika shi, irin wadda mutum ke ƙin kansa. Sau biyu yana shirin miƙewa, sau biyu yana fasawa.

Aka kaɗa ƙararrawa. Yara suka yi waje da gudu wurin mai sayar da burodi da harisa, wato kwaɓaɓɓen yajin barkono. Sirin ce ƙarshen fita. Ya so ya kira ta, sai ga Malama Najwa tsaye a kansa, tana murza hannuwa, idonta ya yi rau-rau.

"Wallahi jiya ta iya, sau biyar na gwada ta," ta ce. "Yarinyar nan ta kunyata ni a gabanka. Don Allah kada ka auna koyarwata da kuskurenta, ranka ya daɗe, Sufeton Lissafi."