Faifan Fiachra a Kicin Ɗina

Fiachra mawaƙi ya ƙwanƙwasa bangon kicin ɗina, ya kasa kunne.

"Amo nake gwadawa, Baba Malachy. Nan zan ɗauki faifan, daga ni sai jita. Zagin masu saye gidajen ƙauyenmu ai sai a ɗakin talaka."

Na ce, "Rufin da kake ta leƙawa fa, shi ma waƙa yake?"

Ya yi dariya, ni ban yi ba. An sa gidan da nake haya a kasuwa.

Ya rera, ya tsine wa masu korar tsofaffi, har idona ya kawo ruwa. Kunyar zargin da na yi masa ta kama ni, na ɗora masa shayi.

Sai matarsa ta leƙo. "Fiachra, tagar nan za mu faɗaɗa. Ka gaya wa tsohon ranar tashinsa?"