Fitilun da Baba Ya Ƙara wa Motarsa

Ina 'yar firamare, wata la'asar a Ƙofar Kware, Baba ya tsuguna yana ɗaura ƙananan fitilu a ragar gaban tsohuwar motarsa. Ya ce na ainihin sun dushe, ba ya ganin hanya.

Da ya kunna su, sai da na kare fuskata.

Ya ja baya ya dube su. "Ɗiyata, hitilun ga ma ba su da ƙarhi."

"Baba, har sun kashe min ido."

Ya shafa idanunsa a hankali. Ashe su ne suke dushewa. Na tsaya kusa da shi.