Jan Ɗigo a Kan Noti

Ranar da aka maƙala wa motar lamba, Desmond ya zagaye layinmu sau ba adadi yana danna oda. Da hannunsa ya haɗa ta a garejin bayan gida. A kwalaye aka kawo masa ita, ƙarfe daban, taya daban, ya yi shekaru yana harhaɗawa har gashinsa ya ƙarasa fari. Masu duba lafiyar mota suka ƙwanƙwasa ko'ina, suka ce ta hau titi.

Kujera biyu gare ta, ba rufi. Kuma ya riga ya yi wa 'yarsa Bethan alkawari a gaban jama'a: ranar aurenta, a cikin wannan motar zai kai ta coci.

Sai ƙananan rigingimu suka fara. Salansa ta kama kaɗawa. Fitilar kwana ta hagu tana kawowa idan ta ga dama. Lagireto yana ɗiga. Duk mai mota sabon haɗi ya san wannan, ba abin tashin hankali ba ne. Desmond yakan shiga ƙarƙashinta da yamma, ya ɗan taɓa nan ya taɓa can, ya fito yana zagi. Bayan kwana biyu sai ya tarar matsalar ta tafi.

"Hannuna ne," in ji shi. "Mota ta san mai ita."

Yana da wata al'ada irin ta masu haɗa mota: duk notin da ya ɗaure, sai ya ɗiga masa fenti ruwan ɗorawa, don ya san an gama da shi. Yana son aikin ɗigon nan. Yakan yi shi yana surutu, burushi a hannu ɗaya, kofin shayi a ɗayan.

Wata safiya ya leƙa ƙarƙashin salansa, sai ya ga ɗigo ja a gefen nasa. Ƙarami, mai sheƙi. Ya duba wajen birki, ga wani. Ya duba sitiyari, ga wani. Shi kuwa bai taɓa sayen jan fenti ba.

Ya miƙe a hankali. Sufanarsa mai lamba sha uku ba ta kan ƙusar da ya saba rataye ta. Sabulun wanke giris ya yi ƙasa sosai.

Zuciyarsa ta tafi kai tsaye wajen Royston, maƙwabcinsa. Royston ya riga shi fara haɗa tasa motar, har yau tana kan bulo, kyanwa ta haihu a kujerarta. Kullum yana jingine da shinge yana murmushi.

"Mutumina, ince ka tanadi motar haya?" Royston ya ce masa ranar. "Kada amarya ta isa coci tana turi."

"Kai dai ka fara sa wa taka taya."

Desmond ya shiga kicin ya rage murya. Matarsa Glenys tana shirin fita ajin ɗinkinta na ranar Alhamis. Ta daɗe tana zuwa ajin nan, ko da yake har yanzu ba ta kawo ko tsumman goge tebur gida ba.

"Royston na shigar mini gareji," ya ce. "Yana taɓa notina, yana sa musu alama don ya san inda ya yi ɓarna."

"Ka gwada su? Sun kwance?"

"A ɗaure suke tam! Makircin ke nan. Yana matse su ne har su karye a hanya."

"Allah sarki, Injiniya," ta ce, ta ɗauki jakarta mai nauyi ta fita.

Ya sayo ƙaton kwaɗo. Makulli ɗaya ya rataya a wuya, ɗayan ya damƙa wa Glenys, don ita kaɗai ce a duniya ba ta san bambancin sufana da cokali ba. Ya daina gaida Royston. Ya mayar masa da tsaninsa ta kan shinge ba ko sannu.

Ana gobe biki ya cire tayoyin huɗu ya goge, ya mayar, ya ɗiga fentinsa yana ba angon Bethan labarin injin. Ya rufe gareji, ya tafi aski da kwanciyar hankali.

Da safe, cikin kwat ɗinsa, ya buɗe kwaɗon da babu wanda ya taɓa. Kowane noti na kowace taya da jan ɗigo a kansa.

Ya durƙusa gefen taya. Ya sa sufana, ko motsi ba su yi ba. Ga Bethan ta fito cikin farar riga.

"Baba, mu tafi mana! Lafiya kake zufa haka?"

Ya tuƙa kamar mai ɗauke da ƙwai. Kowane rami sai ya ji taya za ta fice. Wani mai keke ya wuce su yana yi wa amarya murna. Desmond yana cizon leɓe, yana hango motar da Royston ya aro a bayansu ta madubi.

Suka isa lafiya. Jama'a suka yi tafi, Royston ma har da fito. Desmond ya sauko yana neman wanda zai riƙe.

Glenys ta kama hannunsa. Ya dubi yatsunta: sabon jan farce, mai sheƙi, launin da ya yi makonni yana hana shi sukuni, ga ɗan baƙin giris a gefen babban yatsa. Ta gyara masa furen kwat, ta matso kunnensa.

"Fentin kam ba ka taɓa mantawa da shi ba, Injiniya," ta ce. "Ɗaurewar ce kullum kake bar mini."