Tarbiyyar Jaji

Da ƙyar Hafiza ta ɓamɓare yatsun Jaji, ta ciro alawa da ta fara narkewa. Daga shagon Salif ya ɗauko, na bakin layinsu a unguwar Sotega. Ba kuma yau ya fara ba.

"Ba a ɗaukar abin mutane sai an tambaya. An ji?"

Ya gyaɗa kai, idonsa na kan ƙadangaren da ke bin katanga.

Kullum haka. Ta koya masa ci da dama, gobe ya koma hagu. Ta koya masa sallama, ya banko ƙofa. Nama ma sai ta daka masa, don haƙoran gaba sun zube. Duka kuwa, hannunta ba zai ɗagu ba.

Abin da ya fi ci mata rai 'yarta ce Inès, mai shekara biyar. Duk abin da Jaji ya yi sai ta kwaikwaya. Makon jiya aka kira Hafiza makaranta: yarinyar ta kwashe biskit daga jakar wata. Da malama ta tsare ta, sai ta ce ai Jaji ma yana yi, ba a ce masa komai.

Mijinta Usman ya dawo daga kasuwar Mont-Bouët ya yanke hukunci.

"Ba zan zuba ido 'yata ta lalace ba. Alhaji Uwaisu zai tafi Najeriya ranar Asabar. Ya tafi da Jaji, dangi su riƙe."

"Wa ya sani a can?" in ji Hafiza.



Ranar Juma'a Hafiza ta haɗa wa Jaji kaya a jaka, hawaye na ɗiga kan riguna. Amma ta ce ba zai bar unguwar da haƙƙin wani a kansa ba. Ta kama hannunsa har shagon, Inès na biye.

"A ba shi haƙuri. A ce ba za a ƙara ba."

Jaji ya buɗe baki, maganar ta ɓace masa. Sai ya fashe da kuka.

Salif ya zagayo daga bayan kantar shagon, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa har ƙasa.

"Don Allah Hafiza, ki mai da Malam gida. Duk yaran layin nan, har ni, a gaban mahaifin nan naki muka koyi cewa sata haramun ce."