Shirun Ƙahon Kaka

Ƙamshin toka da lemun tsami nake fara tunawa. Da su ne Kaka, tsohon ɗan badujalar 'yan sanda, yake goge ƙahonsa na tagulla. Wata la'asar a Kusada, ina yarinya, ya busa shi, sai ya yi shiru yana buga ƙafa, can ya sake busawa.

Na ce, "Tsoho, ka manta ne?"

Ya ce, "Ke uwargida, raina ni za ki yi? Tsohuwar waƙar cocin Turawa ce, da baki ake rera ta, aka mayar mana ta ƙaho. Mu huɗu ke busa ta. Nan wurin sauran ne, nawa nake jira."

"Ai ba su nan."

"Ko ba su nan. Shiru ba laifi ba ne, amma in wurinki ya zo sai ki shiga, ko leɓe na rawa."

Tun da 'yan bindiga suka buɗe wa motarmu wuta a hanyar Kankia, ban koma wajen yaran da nake koyarwa ba. Har yanzu hannuna rawa yake. Amma na goge takalmina. Gobe wurina ne, zan shiga aji.