Ƙaurin Guga a Ɗakin Inna

Laifina ne, kuma da gangan na yi. Ina ɗan shekara tara a garin Landover da ke Amurka, in Mama ta tafi aikin asibiti takan bar ni wurin maƙwabciyarmu, wata baƙar Ba'amurkiya mai hasken fata da muke kira Inna. Na sha jin abokan Baba suna dariya a falo, wai Inna 'yar wani Bature ɗan siyasa ce, wanda ya yi suna wajen hana baƙaƙe shiga makarantun farare. "Da rana ƙyama, a ɓoye haihuwa," in ji su.

Ran nan tana guga aka nuno ɗan siyasar a talabijin. Ta hana ni canza tasha, na ji haushi.

"Yi ta kallon babanki," na ce, "shi ko leƙo ki ba ya yi."

Ba ta ɗaga dutsen gugar ba har ƙauri ya cika ɗakin. Can ta ce, "Ya san hanya."

Har yau ƙauri na ɗaga mini hankali. Bayan shekara talatin na same ta a gidan kula da tsofaffi, ba ta gane ni ba. Na durƙusa.

"Shi ya aiko ka?"

"A'a, Inna, ni na kawo kaina. Ki yafe mini."